Injin da Na Ƙi Sayarwa a Shekarar Fari

Matso nan, ɗan nan, ja tabarmar can ka zauna. Kife wayar a cinyarka, ba guduwa za ta yi ba. Jiya ina jin ku a bakin zaurena, kai da abokanka, kuna cewa wai aikin Inna Hajo ba aiki ba ne, danne-danne ne kurum, wai kuma injinan nan uku tarkace ne da ya kamata a kai wa masu awon ƙarfe. Ban tanka ba don ina da baƙi. Yau ba kowa, shayi yana kan wuta, sai ka buɗe kunne.

Ni dai ban yi lakwal mai nisa ba. Ina fara haɗa baƙi da kyau aka cire ni, don kakata ta rasa mai ɗebo mata ruwa. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Tun ina yarinya, mota ta tsaya a tasha ina cikin gida zan gaya maka ta wane ce. Da kunnen nan na shiga sana'a, ba da takarda ba.

Shara na fara yi a biro, wato ofishin wani furoje na haƙa rijiyoyi a nan Tasawa. Sakatariyar wurin, Madam Salamu, 'yar Damagaram ce, doguwa, ba ta dariya kafin azahar. Ita ta lura cewa duk sa'ad da aka saka disket a odinatar, wato kwamfuta, nakan tsayar da tsintsiya. Disket, in ba ka san shi ba, wani ɗan falle ne baƙi mai kusurwa huɗu, shi ne kilen wancan zamani, abin da ake soka wa inji a ajiye aiki a ciki. Wata rana ta saka guda, ina daga bakin ƙofa na ce, "Madam, wanga ba shi da lahiya." Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Na sani. Ke ya anka yi kika sani?" Na ce mai lafiya kukansa kamar keken ɗinki yake, wannan kuwa kamar mai tari. Ta ce in ajiye tsintsiya in jawo kujera.

Aikin da ya fara koya mini tsoron sana'ar nan wani disket ne da aka aiko daga Maradi, rahoton rijiyoyin shekara guda a cikinsa. Na saka shi a injinmu, sai inji ya fito da tambaya da Faransanci, ga wi ga no, wato e ko a'a. Ni a lokacin duk tambayar da inji ya yi mini wi nake ce masa, don in rabu da shi lafiya. Yatsana yana sauka sai na ji bulalar rula a bayan hannu. Madam ta ce, "Kin san mi ya tambaye ki? Cewa ya yi bai gane harshen disket ɗin ba, ko ki yarda ya share shi tas ya maida shi irin nashi." Ashe a wani irin inji daban aka rubuta shi, mai hoton tuffa da aka gatsa. Namu mai hoton taga ne. Ba lalacewa disket ya yi ba, baƙo ne kawai. Ta riƙe mini kunne, kunnen nan da take yabo, ta ce, "Abin da anka kawo miki ba naki ba ne. Ki kwahe shi, ki yi ta wasanki a kan kwahin. Asalin ki maida wa mai shi yadda ya zo, ko da inji ya rantse miki ba komi a ciki." Har yau ban karya wannan doka ba.

Ana nan wata safiya rediyo ya kama kiɗan soja. Ba a daɗe ba Turawan furoje suka naɗe tabarmarsu, motoci suka nufi Yamai ba su dawo ba. Da aka zo rabon abin da ya rage wa ma'aikata, wani ya ɗauki firji, wani kujeru, mai gadi ya samu keke. Ni na rungumi odinatar mai taga da amfirmantinsa mai buga takarda. Aka yi ta dariya, wai Hajo za ta dafa wa 'ya'yanta waya da ƙarfe. Mai gidana, Malam Abdu, tela ne. Ya janye kekensa gefe ya ba ni rabin zauren nan. Abin ya yi mini daidai, don ni ba mai son fita ba ce. Ko biki a unguwar gaba sai an yi ta aike kafin in ɗauki mayafi.

Waccan ta kusurwa ita ce ta farkon, Tsohuwa nake ce mata. Farar nan mai tsagewa a gefen gilashi ita ce Baturiya, mai tuffa. Wani likita Bature da yake kawo mini bugun takardu ya bar mini ita da zai koma gida, ya ce nauyinta ya fi darajarta. Ta ukun kuwa, in ka kunna ta wani tsuntsu baƙi da fari ke fitowa, tsaye kamar agwagwa, shi ya sa na sa mata Agwagwa. Daga wata lakwal aka fito da ita don an rasa mai gane kanta. Su ukun nan kowace da halinta. Abin da Tsohuwa ta rubuta, Baturiya takan karanta shi da yatsina. Abin da Baturiya ta rubuta, Tsohuwa takan ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Agwagwa ce mai haƙuri, tana jin harshen kowa kaɗan-kaɗan, amma sai ka iya lallashinta. Aikina shi ne tafinta a tsakaninsu. Sauran kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin gurub mai ba da wuta don ranar da aka ɗauke kuran, buhun da nake jiƙawa in rataya a taga lokacin zafi, gwangwanin madara cike da wayoyi iri-iri, da burushin aski na Malam da na ƙwace.

Wani ɗalibi ɗan Mayahi ya taɓa kawo mini littafin gama karatunsa. A Yamai ya rubuta shi, shafi-shafi tsaf, ya zo nan a buga masa. Muna buɗewa sai ga kan magana ya faɗo ƙasan shafi, hotuna sun hau kan rubutu, ƙa da ɗa duk sun koma 'yan akwatuna. Yaro ya dafe kai ya ce an yi masa asiri. Na ce ba wanda ya yi maka komi, injin da ka rubuta da shi yana da irin zanen baƙaƙen da nawa ba shi da shi, sai nawa ya ari wanda ya samu, shi kuwa ya fi faɗi. Muka zagaya da shi ta wurin Agwagwa, ta daskarar da shafukan kamar hoto, yadda ko a injin wa aka buɗe ba abin da zai motsa. Tun daga ran nan ba na barin takardar kowa ta fita zauren nan sai na buɗe ta a injinan nan duka na gani da idona.

Da intanet ya iso, ta wayar tarho yake shigowa, da wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Daga kukan nake sanin ko yau zai kama ko ɓata lokaci ne. Wani dattijo daga Urafane ya zo duba sakamakon jarrabawar ɗansa. An riga an duba masa a wani wuri, shafin ya fito fari fat, aka ce masa ai shi ke nan, yaro ya faɗi. Har ya yi wa yaron alkawarin gona da fartanya. Na buɗe a Agwagwa, fari. Na buɗe a Baturiya, fari. Na juya wurin Tsohuwa, sai ga suna ya fito, yaro ya ci. Masu shafin da irin Tsohuwa kaɗai suka gwada shi, ba su tuna akwai wasu injina a duniya ba. Dattijon ya ce, "To 'yar nan, wace ce mai gaskiya a cikinsu?" Na ce, "Baba, duk ba mai ƙarya. Biyun ba su gani ba ne, kuma ba su iya cewa ba mu gani ba."

Sai shekarar nan ta zo. Damina ta ɗauke hatsi yana fitar da kai, aka girbe kara. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun koma ɗakin ɓeraye. Maza suka watse, wasu kudu, wasu arewa cikin manyan motocin Libiya. Ana tsakiyar wannan kuma rediyo ya sake kama kiɗan soja. Kuran ya koma baƙo, esansi, man mota, ya yi wuya, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. In ka ga mutum a zauren nan, hoton katin tafiya ya zo nema. Malam ma ɗinkinsa ya koma faci.

A lokacin wani dillalin tsofaffin injina ya riƙa zuwa daga Maradi. Ya zagaya Baturiya, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce zai ba da abin da zai sayi hatsi. Gaskiya na daɗe ban kunna ta ba, tana nan lulluɓe da tsohon zane. Malam ya ce, "Hajo, wagga ko kuka ba ta yi, sai cin wuri. Ki bari a ɗauke ta." Na ce, "Malam, in an kawo maka yadin da ƙaramar allura kaɗai ke shiga, da mi za ka ɗinka in ka saida ta?" Ya ce, "Allura ba ta kai buhun hatsi ba." Dillali ya sa baki, wai nan da Agadas ba mai irin wannan inji, wa zai kawo mini aikinta? Na ce shi ya sa ba za ta tafi ba. Na shiga ɗaki na kwaso kwanonin jerena, na kwance akuyata, na ce a kai su kasuwa. Malam ya yi kwanaki yana gaida Baturiya da safe don ya ba ni haushi. "Madam an tashi lahiya? An ci kwanonin Hajo an ƙoshi?"

Ran wata kasuwa, zafi ya kai zafi, sai ga Dije mai nono, Bafulatanar da ke kawo mana fura tun shanunsu suna da rai, ta shigo da wata yarinya a bayanta. Yarinyar ba kwalli, ba ɗan kunne, tsohon zane har ka, ga 'yar wuƙa a hannu. Ina ganin wuƙar na san takaba take. Mai takaba kuwa ba ta ratso rairayi daga ƙauyen Hawandawaki ta shigo gari sai da babban dalili. Dije ce ta yi magana, don ita yarinyar, Rakiya, ba ta iya kama sunan mijinta. Sale sunansa. Ya bi motar Libiya bayan girbin da ba a yi ba. Sai labari ya zo motar ta mutu a hamada, ƙishirwa ta kashe mutane, aka lissafa da shi. Aka yi sadaka, Rakiya ta shiga takaba. Yanzu takabar tana gab da ƙarewa, ubanta Malam Idi ya riga ya ce da ta fita zai zo da amalanke ya kwashe ta da 'ya'yanta, don gidan mijin ba abin da ya rage sai uwarsa, Gwaggo Tabawa, da tukunyar anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ake jiƙawa a ci lokacin yunwa.

Rakiya ta kwance bakin zanenta ta fito da kile. Wani direba ne ya kawo shi, ya ce wani ɗan garinsu ya ba shi a can, saƙon murya ne. Da can kaset ake aikowa, yanzu an koma wannan. Suka saka shi a rediyon maƙwabci, irin mai ramin kile, gari ya taru. Abin da ya fito ba muryar namiji ba ce. Wata 'yar siririyar murya ce mai gudu kamar ɓera yana faɗa. Mata suka watse da salati. Gwaggo ta ce ita ta haifi autanta, ta san muryarsa, wannan ko aljani ne ko wani marar tsoron Allah ke wasa da hawayenta. Aka ce a jefa kile a tsohuwar rijiya. Rakiya ta ce ita za ta jefa, ta ɓoye shi.

Ta ce, "Inna, ni ban ce shi ba ne. Amma ban iya jefawa ba."

Na zuba ɗan esansin da nake ɓoyo a gurub, na tada Tsohuwa. Kafin komi na kwafe duk abin da ke cikin kilen na ajiye gefe. Sannan na kunna saƙon. Dije ta ja da baya har bakin ƙofa. Ni na rufe ido na sake kunnawa, ban bi ta kan mai maganar ba, abin da ke bayansa nake saurare. Can ƙasa-ƙasa akwai wata muryar, ita ma siririya, ita ma da gudu. Na ce, "Dije, matso ki ji. Mi ake yi can baya?" Ta kasa kunne ta ce, "Wallahi kamar kiran salla." Na ce, "Kin taɓa jin ladan na kiran salla kamar ana bin shi da sanda? In mai maganar aljani ne, ladan ɗin fa? Duka abin ne aka ja da gudu, da mutumin, da ladan, da iskar wurin."

Sai na duba sauran abin da ke cikin kilen. Ban da wanda rediyo ya kunna, akwai wani fishiye babba, wato wani ajiyayyen abu daban, sunansa ba wutsiya. Wutsiya ita ce 'yan baƙaƙen nan da ke bayan ɗigo a ƙarshen suna, da su Tsohuwa ke gane ko abu hoto ne, ko murya, ko takarda. In babu su, makauniya ce. A gefensa kuma ga wani ɗan mitsitsi mai suna iri ɗaya da ɗigo a gabansa, ni inuwa nake ce masa. Masu cajin waya da zuba waƙoƙi in sun ga inuwa sai su ce cuta ce, su goge. Ba cuta ba ce. Irin su Baturiya ne ke barin ta duk inda suka taka, a cikinta suke ajiye shaidar abin da fishiye yake. Ina ganin inuwar na gane abin da ya faru. A inji mai tuffa aka ɗauki muryar. Direba ya tsaya a hanya ya ce a gwada masa, ta ƙi buɗewa, wani mai rumfa ya juya masa ita yadda rediyo zai karɓa, juyin ya fito da gudu. Allah ya taimaka bai goge asalin ba.

Na yaye wa Baturiya zane. Malam ya tsayar da kekensa ya ce, "Yau Madam za ta biya kwanoni?" Na kunna ta. Ta daɗe tana tunani kafin ta buɗe ido, har na fara karanta abin da na iya a zuci. Na saka kile. Ita ba ta yi tambayar komi ba, ta ga ɗan garinsu. Na danna. Aka yi gyaran murya sau biyu, irin na mai shan taba gari, sannan wani namiji ya yi sallama a hankali. Rakiya ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Haka yake yi. Ko zai nemi ruwa sai ya yi wanga gyaran murya."

Kai da kake cewa danne-danne ne, a nan za ka ce aiki ya ƙare. A nan ya fara. Muryar tana cikin Baturiya, Gwaggo tana bayan rairayi, kuma Rakiya ta ce ko a ɗaure tsohuwar ba za ta zo kusa da inji ba. Na kai muryar wurin Agwagwa ta juya ta a hankali, da saurinta na gaskiya, na zuba a wani kilen daban. Na gwada a Tsohuwa, daidai. Na aika aka aro mini rediyon mai shayi irin na ƙauyensu, daidai. Duk da haka ban yarda ba, don wanda rediyo mai kile ya tsorata ba zai sake amincewa da shi ba. Na haɗa waya na sauke muryar a kaset, abin da tsohuwa ta sani tun zamanin mijinta. Sai kuma na tuna batir. Kaset in batir ya yi sanyi jan murya yake, saurayi ya koma tsoho mai magagi. A shekarar nan wa ke da sabon batir a ƙauye? In suka kunna da ragowar na tocila, an tashi daga aljani an koma fatalwa. Na ce ba zan ba da saƙon nan a hannu ba. Na ɗauki rediyona, na sayi batir sabo, na ɗauki mayafi. Malam ya bi ni da kallo ya ce, "Hajo za ta bar gari? Lalle soja sun canza ƙasa."

Washegari da hantsi muka isa, bayan mota ta kafe a rairayi mun tura har na daina jin ƙafafuna. Muka tarar da amalanke a ƙofar gida. Malam Idi ya gaji da jira, ya zo ya kwana kusa don ranar fita. Dattijo ne mai hankali, ba mugu ba, yunwar jikokinsa ce ta kawo shi. Gwaggo tana tsakar gida tana sauya wa anza ruwa. Da ta ji abin da ya kawo ni ta juya mini baya. Ta ce, "Baiwar Allah, kin sha hanya, ki sha ruwa ki koma. Na binne shi sau ɗaya a zuciyata, ba ni sake tonowa." Na ce, "Gwaggo, ban ce ki juyo ba. Ki ci gaba da aikinki. Ni zan saurari kaset ɗina a inuwar gidanki, in an hana baƙo wannan sai in tashi."

Na danna. Gyaran murya, sau biyu. Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin ƙwarya. Ya yi sallama, ya gaida ta, ya gaida mai ɗakinsa ba tare da ya kama suna ba, ya bi 'ya'yansa ɗaya-ɗaya. Ya tambayi jakinsa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Gwaggo ba ta juyo ba, amma ruwan anza yana ta zuba a ƙafarta ba ta sani ba.

Malam Idi ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya ce, "Muryar tashi ce, ban musa ba. Amma mutum na iya yin magana yau ya mutu gobe. Wa ya san ko kahin motar ta mutu ya yi ta? Ni ba ni barin ɗiyata cikin auren da ba miji, ba ni kuma raba auren da mijin ke da rai. Ku ba ni abin riƙewa." Maganarsa gaskiya ce. Na ce, "Baba, ban ƙare ba. Ku ji sauran."

Sale ya ce zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, aka sauke shi a wani zango, motar ta wuce ta bar shi yana zagin direba. Ya ce sai daga baya ya ji abin da ya same su. Yanzu yana ban ruwan lambu a gidan wani likita, shi ya ɗauki muryar da injinsa. Sannan ya ce, "Mun ji a rediyo wai soja sun karɓe a Yamai. To Allah ya sa su zo da ruwan sama, don na hwarar hula ba su kawo ba." Wani a bayan danga ya fashe da dariya. Malam Idi ya sunkuyar da kai yana lissafi da bakinsa. Kowa a gidan ya san Rakiya ta riga ta shiga takaba kafin rediyo ya kama kiɗan soja. Ya ɗago ya ce, "Matacce bai jin labarin soja." Ya tashi ya fita. Muka ji yana kwance kaya a amalanke, sai ga shi da ɗan buhun hatsin da ya kawo don guzurin hanya, ya dire shi gaban Gwaggo ya ce, "Aure na nan. A dafa wa yara." Rakiya ta je ta soke wuƙar takaba a jikin danga, ta ɗauki tulu ta nufi bayan ɗaki don wanke takabar.

Sai a lokacin Gwaggo ta juyo. Ta dubi rediyon ta ce, "Wanga abu na maida magana?" Na ce yana ɗauka, ni zan san yadda zan aika. Ta gyara zama, ta matso da bakinta kamar za ta cije shi, ta ce, "Kai Auta, ɗan banza! Mun yi maka sadaka da hatsin da ba mu da shi. In ka dawo sai ka biya ni. Jakinka kuma mun saida, ka ji da kyau." Na dawo gida na juya zagin nan kashi uku, yadda ko wane irin inji ya tarar a can zai buɗe shi, na ba direba. Da Libiya ta kama wuta Sale ya dawo da katifa da fanka a ka. Ya zo har zauren nan, ya tsuguna gaban Baturiya ya gaishe ta. Malam ya ce, "Gaida ta da kyau, kwanonin Hajo ne a cikinta."

Yanzu kuna da wayoyi masu yin komi, na sani. Amma har gobe ana shigo mini da hoton da aka aiko daga wata waya ya ƙi buɗewa a wata, da shafin da ya fito wa wannan ya ƙi fito wa wancan. Kuma har gobe ina jin ku a rumfunan caji kuna cewa, "Ba komi a ciki, a goge a zuba waƙa." Shayinka ya huce, ɗauki ka sha. To gaya mini, ɗan nan: da kai Rakiya ta kwance wa bakin zanenta ran nan, injinka ya ce maka bai san abin da ke ciki ba, ga wi ga no, wanne za ka danna?